Jiragen sintirin tekun Ayislan: tarihinsu, ayyukansu da karawarsu da sojojin ruwan Birtaniya

Ayislan tsibiri ce a arewacin Tekun Atlantika, tsakanin Girinlan da Norwe, mai faɗin murabba'in kilomita 103,000. Al'ummarta ba su wuce 400,000 ba, adadin da wasu ƙananan hukumomi a Kano da Legas suka zarce. Ƙasar ba ta da rundunar soja ta ƙasa ko ta ruwa ko ta sama, duk da cewa tana cikin ƙasashen da suka kafa ƙungiyar tsaro ta NATO a shekarar 1949. Abin da take da shi a teku shi ne rundunar tsaron gaɓa, wadda ake kira Landhelgisgaeslan da harshen ƙasar, kuma tana ƙarƙashin ma'aikatar shari'a.

Nauyin da ke kan wannan runduna ya fi ƙarfin girmanta nesa ba kusa ba. Yankin tekun da Ayislan ke da iko da arzikinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 758,000, wato ya ninka faɗin ƙasar fiye da sau bakwai, ya kuma ɗan haura kashi huɗu cikin biyar na faɗin Nijeriya. Yankin da yarjejeniyoyin duniya suka ɗora mata alhakin ceton rayuka a cikinsa kuwa ya doshi murabba'in kilomita miliyan 1.9. Manyan jiragen ruwa biyu ne ke ɗauke da wannan aiki a yau, Thor da Freyja, tare da ƙananan jirage, jirgin sama guda na leƙen teku da jirage masu saukar ungulu uku.

Asalin rundunar

Kifi ne tushen lamarin. Ƙasar ba ta da wadatacciyar ƙasar noma, saboda haka tsawon ƙarni na 20 mafi yawan kuɗin shigarta daga ƙetare daga teku suke fitowa, musamman daga kifin da ake kira kod. Tun shekarun 1890 jiragen kamun kifi masu aiki da tururi suka fara kwararowa daga garuruwan Hull da Grimsby na Ingila, suna jan manyan komaye a ƙasan teku dab da gaɓa, suna lalata kayan ƙananan masunta. A lokacin Ayislan tana ƙarƙashin Danmak, kuma sojojin ruwan Danmak ne ke sintiri, sai dai sintirin bai taka kara ya karya ba.

A watan Oktoban 1899 wani jami'in mulki mai suna Hannes Hafstein ya shiga ƙaramin kwalekwale da mutanensa don kama wani jirgin Ingila da ke kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba a mashigin Dyrafjordur. Kwalekwalen ya kife a wajen artabun, mutum uku suka nutse, shi kuma ya tsira da ƙyar. Shekaru biyar bayan haka ya zama ministan Ayislan na farko. A 1901 Danmak ta ƙulla yarjejeniya da Birtaniya, wadda ta tsayar da iyakar ruwan tsibirin a mil 3 kacal daga gaɓa. (Mil na teku, wanda shi ake nufi a duk wannan bayani, daidai yake da kilomita 1.852.)

Jirgin farko bai fito daga aljihun gwamnati ba. Wata ƙungiyar ceto ta mazauna tsibiran Vestmannaeyjar ce ta saye shi a 1920, tsohon jirgin binciken teku na Danmak mai suna Thor, domin ya riƙa taimakon masuntansu yana kuma korar masu ɓarna. A 1924 aka ɗora masa igwa, ganin cewa baƙin masunta ba sa sauraron jirgin da ba ya ɗauke da makami. Ranar 1 ga Yulin 1926 gwamnati ta karɓe shi, kuma wannan rana ce ake ɗauka a matsayin ranar kafa rundunar. A wannan shekarar ce kuma Odinn na farko ya iso, jirgin da aka ƙera musamman don sintiri. Tun daga nan aka saba raɗa wa yawancin jiragen sunayen da ke cikin tatsuniyoyin addinin gargajiyar mutanen arewacin Turai, kuma idan jirgi ya tsufa sai magajinsa ya gaji sunan. Thor na yanzu shi ne na huɗu.

Rikicin kifi da Birtaniya

Ayislan ta zama jamhuriya a 1944. Bayan ƙarewar yarjejeniyar 1901, ta faɗaɗa iyakarta zuwa mil 4 a 1952. Masu jiragen kamun kifi na Birtaniya suka mai da martani da hana sauke kifin Ayislan a tashoshinsu har zuwa 1956. Matakin bai haifar musu da ɗa mai ido ba, domin Tarayyar Sobiyat ta shigo ta fara sayen kifin, ƙasar kuma ta samu wasu kasuwanni.

Ranar 1 ga Satumban 1958 aka ƙara iyakar zuwa mil 12. A wannan karon Birtaniya ta tura jiragen yaƙi su raka masuntanta, aka shiga abin da jaridun Ingila suka laƙaba wa suna yaƙin kod na farko. Ayislan na da 'yan jirage da ba su kai goma ba, yawancinsu ƙanana, igwoyin da ke kan wasunsu kuma tun ƙarshen ƙarni na 19 aka ƙera su. An yi ta tsere da barazana, har a watan Nuwamban 1958 kwamandan jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Russell ya yi barazanar nutsar da Thor idan ya sake harbin wani jirgin masunta da yake bi. A 1961 aka sasanta: Birtaniya ta amince da mil 12, aka ba masuntanta shekara uku na wucin gadi, Ayislan kuma ta yarda cewa duk wata taƙaddama ta gaba za a kai ta Kotun Duniya.

Akwai wani al'amari da ya auku tsakanin rikicin farko da na biyu wanda ya cancanci a tsaya a kansa. A farkon watan Fabrairun 1968 wata mummunar guguwa mai ƙanƙara ta afka wa jiragen da suka fake a mashigin Isafjardardjup. Jirgin Ross Cleveland na garin Hull ya kife saboda nauyin ƙanƙarar da ta daskare a jikinsa, mutum ɗaya tak ya rayu. Wani jirgin Ingila, Notts County, ya maƙale a gaɓa. Jirgin sintiri na Odinn, ƙarƙashin kyaftin Sigurdur Arnason, ya kutsa cikin guguwar ya kwaso ma'aikatansa 18, daga baya Birtaniya ta karrama kyaftin ɗin da lambar yabo. Wannan jirgi dai shi ne bayan shekara huɗu zai riƙa farautar komayen masuntan garuruwan nan.

Rikici na biyu ya soma ranar 1 ga Satumban 1972, lokacin da sabuwar gwamnati ta ayyana mil 50, ta kuma ce ba ta amince da hurumin Kotun Duniya a kan batun ba. A nan ne rundunar ta fito da makamin da ya sauya yanayin fafatawar. Jirgin kamun kifi yana jan komarsa ne da igiyoyin ƙarfe biyu masu kauri, waɗanda ke miƙewa daga bayansa zuwa ƙasan teku. Ma'aikatan Ayislan, da sa hannun shugaban rundunar na lokacin, Petur Sigurdsson, sun ƙera wata ƙugiya mai wuƙaƙe wadda jirgin sintiri ke ja a cikin ruwa da doguwar waya. Sai ya gitta ta bayan jirgin masunta, ƙugiyar ta kama igiyar, ta datse ta. Da zarar an datse igiyoyin, koma da kifin da ke cikinta sun tafi ke nan, kuma jirgin ko dai ya ɓata lokaci wajen ɗaura wata, ko ya koma gida da asara. An gwada ƙugiyar tun 1958 amma aka ɓoye ta. Jirgin Aegir ne ya fara amfani da ita ranar 5 ga Satumban 1972, daga nan kuma aka yanke komayen gomman jiragen Birtaniya da na Jamus ta Yamma.

Hikimar wannan makami ita ce ba ya buƙatar harbi. Jirgin yaƙi ba shi da hujjar buɗe wuta a kan jirgin ƙasar da suke ƙawance a NATO don kawai ya yanke waya, saboda haka abin da ya rage masa shi ne ya shiga tsakani da jikinsa. Da farko Birtaniya ta yi hayar manyan jiragen janwe na ruwa, amma da masuntanta suka yi barazanar ficewa, sai ta tura jiragen yaƙi a watan Mayun 1973. Daga nan aka shiga gwabza ƙarfe da ƙarfe. Jiragen Ayislan gajeru ne, an ƙera su da ƙarfe mai kauri saboda ƙanƙara, suna kuma juyawa cikin hanzari. Jiragen yaƙin Birtaniya sun fi su gudu da girma, amma an ƙera su ne don farautar jiragen ƙarƙashin teku, jikinsu bai da kauri, ba a kuma tanade su don karo ba.

A wannan rikici ne aka yi rashin rai. Ranar 29 ga Agustan 1973, bayan Aegir ya yi karo da jirgin yaƙi na Apollo, wani injiniyansa mai suna Halldor Hallfredsson yana walda don toshe inda ya fashe, sai igiyar ruwa ta shigo, wutar lantarki ta kashe shi. A watan Oktoba firayim minista Olafur Johannesson ya gana da takwaransa Edward Heath a Landan, a Nuwamba aka cim ma yarjejeniyar shekara biyu da ta taƙaita kamun Birtaniya a tan 130,000 a shekara. Kotun Duniya ta yanke hukunci a 1974 cewa Ayislan ba za ta iya tilasta wa Birtaniya iyakar mil 50 ba, amma hukuncin bai sauya komai a teku ba.

Rikici na uku, wanda ya fi sauran zafi, ya biyo bayan ayyana mil 200 a 1975, sa'ilin da masana kimiyyar ƙasar ke gargaɗin cewa kifin kod na ƙarewa. Daga Nuwamban 1975 zuwa Yunin 1976 an ƙirga karo 55 tsakanin jiragen ɓangarorin biyu, kuma Birtaniya ta yi amfani da jiragen yaƙi na rakiya 22 bi da bi. Ranar 11 ga Disamban 1975 jiragen janwe uku suka yi arangama da Thor kusa da mashigin Seydisfjordur, suka yi masa mummunan lahani, shi kuma ya harba igwa. Ayislan ta kai ƙara Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta kuma ɗauko wasu jiragen kamun kifi na zamani, Baldur da Ver, ta mayar da su na sintiri. A watan Fabrairun 1976 ta katse hulɗar jakadanci da Birtaniya, abin da ba a taɓa gani ba tsakanin ƙasashe biyu na NATO.

Daren 6 ga Mayun 1976 jirgin yaƙi na Falmouth ya banke Tyr sau biyu da gudu, har jirgin ya kwanta kamar zai kife, sannan ya miƙe. Kyaftin ɗinsa, Gudmundur Kjaernested, ya riga ya yanke komar jirgin da yake bi. Shi ma Falmouth gabansa ya lotse. Ƙasa da wata guda bayan haka, ranar 1 ga Yuni, aka sa hannu kan yarjejeniya a birnin Oslo: jiragen Birtaniya 24 kawai za su ci gaba da kamun kifi, na tsawon wata shida. Da wa'adin ya cika suka fice.

Zai zama kuskure a ce ƙugiya da jarumtar kyaftin-kyaftin ne kaɗai suka kawo wannan sakamako. Babban abin da ke hannun Ayislan shi ne sansanin Keflavik, inda sojojin Amurka ke sa ido kan zirga-zirgar jiragen ƙarƙashin teku na Sobiyat da ke ratsawa tsakanin Girinlan da Ayislan da Birtaniya. Duk lokacin da rikici ya yi tsamari sai a ji maganar rufe sansanin ko ficewa daga NATO, nan take kuma sakataren ƙungiyar da Amurka da Norwe su shiga neman sulhu. Aikin jiragen sintirin shi ne sun hana masuntan Birtaniya sakat, sun sa rakiyar ta yi tsada, har 'yan siyasa suka ga riƙon bai da riba. Lokaci ma ya goya wa Ayislan baya, domin ita kanta Birtaniya ta ayyana nata mil 200 daga farkon 1977, Nijeriya ta kafa dokar nata yankin na mil 200 a 1978, sannan yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta tabbatar da wannan iyaka ga dukkan ƙasashe masu gaɓa. Waɗanda suka kwana ciki su ne dubban masuntan Hull da Grimsby da Fleetwood da suka rasa sana'arsu, waɗanda sai a shekarar 2000 gwamnatinsu ta buɗe musu cikakken shirin biyan diyya.

Jiragen da ke aiki a yau

Thor na yanzu an ƙera shi ne a masana'antar jiragen ruwa ta ASMAR da ke Talcahuano a ƙasar Chile, bisa zanen kamfanin Rolls-Royce, irin wanda Norwe ta yi amfani da shi wajen jirginta na Harstad. An ƙulla kwangilar a ƙarshen 2006, aka saukar da shi ruwa a 2009, amma girgizar ƙasa da igiyar tsunami da suka afka wa Chile ranar 27 ga Fabrairun 2010 suka same shi a masana'antar, aka samu jinkiri. Ya isa gida a ƙarshen Oktoban 2011, ya kuma fara yada zango a Vestmannaeyjar, inda mai sunansa na farko ya fito. Tsawonsa ya kusa mita 94, faɗinsa mita 16, gudunsa na kusantar mil 20 na teku a awa guda, ƙarfin jansa kuma tan 120 ne. Yana ɗauke da igwa guda samfurin Bofors mai bakin milimita 40, amma yawancin kayan da ke cikinsa na kashe gobara ne, da kwashe man da ya malala a teku, da janyo jiragen da suka lalace. Yana kuma iya shayar da jirgi mai saukar ungulu mai yana shawagi a sama. A watan Disamban 2019, da guguwa ta kakkarya turakun lantarki a arewacin ƙasar, an haɗa injinansa da layin wutar garin Dalvik, ya riƙa bai wa garin lantarki daga tashar jiragen ruwa.

Freyja kuwa na hannu ne. An ƙera shi a Koriya ta Kudu a 2010 don hidimar rijiyoyin mai na teku, gwamnati ta saye shi a 2021 bayan da aka ga gyaran Tyr zai ci kuɗin da bai dace a kashe wa tsohon jirgi ba. Tsawonsa mita 86 ne, faɗinsa mita 20, ƙarfin jansa kuma ya kai kimanin tan 200, wato ya fi Thor. An ajiye shi a garin Siglufjordur da ke arewa, domin a rage tazarar kai ɗauki, ganin yadda manyan jiragen dakon kaya da na masu yawon buɗe ido ke ƙara yawa a wannan ɓangare. Zuwansa ya kawo ƙarshen aikin tagwayen jiragen nan da aka ƙera a Danmak, Aegir na 1968 da Tyr na 1975, waɗanda aka sayar a 2022. Odinn, wanda ya fara aiki a 1960, yana nan a tashar Reykjavik a matsayin wani sashe na gidan tarihin teku, kuma jama'a na shiga su gan shi.

Akwai kuma ƙaramin jirgi mai suna Baldur, na 1991, wanda ke auna zurfin teku don zana taswirar matuƙa. A sama, rundunar na da jirgi samfurin Dash 8 da aka kawo a 2009, da jirage masu saukar ungulu samfurin Airbus H225. Waɗannan na ƙarshe su ne jama'a suka fi gani, domin su ke ɗauko marasa lafiya daga jiragen masunta da waɗanda suka yi haɗari a kan duwatsun ƙanƙara. Rundunar ce kuma ke kwance nakiyoyin yaƙin duniya na biyu da har yanzu ke faɗawa cikin komaye. Bayan ficewar sojojin Amurka a 2006, daga 2011 aka damƙa mata kula da na'urorin hangen sararin samaniya da harkokin NATO a Keflavik. A lokacin zaftarewar dusar ƙanƙara a ƙauyukan Sudavik da Flateyri a 1995, wadda ta hallaka mutum 14 da mutum 20, jiragen ruwan rundunar ne suka kai masu ceto, saboda hanyoyin mota da na sama sun toshe.

Daga arewa zuwa Bahar Rum

Durƙushewar bankunan Ayislan a 2008 ta tilasta rage kasafin rundunar, sai ta fara ba da hayar jiragenta ga hukumar tsaron iyakokin Turai ta Frontex. A 2010 Aegir ya yi sintiri a gaɓar Senegal da Tekun Bahar Rum, daga baya Tyr ya bi sahu, ya kuma ceto ɗaruruwan baƙin haure a hanyar da ke tsakanin arewacin Afirka da Italiya, hanyar da 'yan Afirka ta Yamma da dama suka rasa rayukansu a kanta. A farkon Janairun 2015 masu fasa-ƙwaurin mutane suka tsere suka bar wani tsohon jirgin dakon dabbobi mai suna Ezadeen yana yawo a teku ba matuƙi, da mutane kimanin 360 a ciki, yawancinsu 'yan Siriya. Tyr, yana da shekara 40 a lokacin, shi ya janyo shi zuwa tashar Corigliano Calabro a kudancin Italiya. A cikin gida an yi ta ƙorafin cewa tura jirgi nesa haka yana barin ruwan ƙasar ba isasshen mai gadi.

Kifin da ake gadi da kasuwar Nijeriya

Kifin da aka yi wannan doguwar taƙaddama a kansa ba baƙo ba ne a kasuwannin Nijeriya. Shi ne ake busarwa a kawo, wanda Ibo ke kira okporoko, Yarbawa kuma panla. Tun shekarun 1950 Nijeriya ta zama babbar kasuwar busasshen kifin Ayislan, kuma yaƙin basasar da ya ɓarke a 1967 ya girgiza tattalin arzikin tsibirin, domin ya zo daidai da lokacin da wani nau'in kifin da suke dogaro da shi ya yi ƙaranci a tekunsu. A yau mafi yawan abin da ake kawowa kawuna ne da ƙasusuwan kifin, waɗanda ake busarwa a masana'antu da zafin ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa. Lokacin da faɗuwar farashin mai ta jawo ƙarancin dala a Nijeriya a 2015 da 2016, masana'antun busar da kifi a ƙananan garuruwan Ayislan sun ji a jikinsu, wasu suka rage ma'aikata.